TARIHIN LIKITAR DANJA

Zuwa ga dattijanmu na gida, da ƴan uwa masu ci-rani Yamai da Kano da Legas da sauran wurare. A wannan hitowa ta takardar ƙungiya zan ba ku tarihin likitar Danja, abin da mutanen Najeriya ke ce ma asibiti. Tana kudu da Maraɗi da kamar kilomita 15, bakin babbar hanyar da ta nuhi Ɗan Isa da iyaka. Yawancinmu mun wuce ta cikin mota ba sau ɗaya ba. Amma kaɗan ne sunka san wanda ya gina ta, da dalilin da ya sa har gobe in an ce wane ya tahi Danja sai mutane su yi shiru, ba a tambayar mi ya kai shi.

Sai mu fara da ciwon da anka gina ta dominshi, wato kuturta. Magabatanmu sun san ta tun ba a san Annasara ba, kuma sun ba ta dalilai iri iri. Wasu sun ce gado ce, shi ya sa in za a ba da ɗiya aure sai an bincika dangin miji har kaka da kakanni. Wasu sun ce sammu ne, ko alhakin rantsuwa bisa ƙarya, ko tsaka ta faɗa cikin abinci. A ƙasar Hausa ba a cika korar mai ciwon zuwa daji ba. Ana barin shi cikin gari, amma a ware mishi akushi da ƙoƙon sha, sau da yawa mata ta nemi rabuwa, in hannu ya ƙare ya kasa riƙon hauya sai bara. Manyan garuruwa har da Sarkin Kutare, mai tsaya musu gaban sarki, shi raba sadaka, shi sasanta rigima. Sannu sannu sunka yi unguwanninsu, kamar Kara-Kara a Damagaram. Mun iske karin magana da yawa bisa kansu, yawanci na ba'a ne, amma akwai guda mai ilimi ciki, za mu komo gare ta.

A 1873 wani lokotoro na ƙasar Norwe mai suna Hansen, a garin Bergen, ya duba da madubi mai ƙara girman abu, ya ga ƙwayar da ke kawo ciwon. Daga nan anka san ba gado ba ce. Ƙwayar tana hita ta hanci da bakin wanda ke da ita bai sha magani ba, ta shiga wanda ya daɗe zaune da shi ɗaki guda. Gaisawa da hannu ko zama kusa cikin mota ba su isa ba. Cikin mutum 100, kamar 95 jikinsu na kashe ta da kanshi ko da ta shiga. Kuma cuta ce mai nawa ƙwarai: ta kan yi shekara 5 cikin jiki ba ta nuna ba, wani lokaci har 20. Wannan nawar ce ta ruɗe mutane. Uba ya yi ta, bayan shekaru ɗa ya yi ta, sai a ce jini ne, alhali kwana ɗaki guda ne.

Gane ƙwaya daban, samun maganinta daban. An yi kusan shekara 70 bayan Hansen babu abin da ke kashe ta. Abin da a ke da shi man wata itaciya ce ta wajen Indiya, shalmugura, a sha ko a yi allura cikin fata, allura mai zahi, amfaninta kuwa kaɗan. Don haka dabarar gwamnatocin mulkin mallaka ita ce a tara masu ciwon wuri guda. Faransawa sun buɗe babbar cibiyar kuturta a Bamako a 1935, wadda daga baya anka sa ma sunan Marchoux. Ingilishi kuwa, a Najeriya ta Arewa, sun kafa zangon masu ciwon lardi lardi da kuɗin baitulmalin sarakuna, a 1937 anka danƙa ma ƴan mishan na SIM uku daga ciki: na Kano, na Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina. Ku riƙe sunan Babbar Ruga, tarihinta da na Danja kamar na Hassan da Usaini ne.

Su wa ne SIM? Ƙungiya ce ta Kirista masu wa'azi, yawanci mutanen Kanada da Amurka. Samari uku sunka fara ta, sunka sauka Legas a 1893 da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na nan. Biyu, Gowans da Kent, sun mutu cikin shekara guda, saura Bingham, shi ya ci gaba. Sun shigo Nijar ta Damagaram a 1924, kahin ƙarshen shekarun 1920 sunka zauna Tsibiri, daga baya Maraɗi. Kwamandojin Faransa ba su sake jiki da su ba. Mutane ne masu jin Ingilishi, ƙafa guda nan ƙafa guda Najeriya, kuma takardun lokotoron da bai yi karatu Faransa ba ba a karɓar su da sauƙi. Sai bayan yaƙin duniya na biyu ƙofa ta buɗe. A 1950 anka fara likitar Galmi, wajen Ƙwanni, ƙarƙashin lokotoro Burt Long. A 1956, saura shekara 4 a samu mulkin kai, anka buɗe Danja, ita kuwa don masu kuturta kaɗai.

Danja ta zo bisa sa'a, don ta iske magani ya hito. A 1941, a Carville ta Amurka, an gwada wata allura mai suna Promin, anka ga miyaku na warkewa. Kusan ƙarshen shekarun 1940 wani lokotoro Bature, John Lowe, a Uzuakoli cikin ƙasar Ibo, ya nuna ana iya haɗiyar tushen wannan magani, dafson, ƙwaya ƴar ƙarama mai arha. Wannan ya sauya komi. Gwamnati ta sa ma'aikatan yaƙi da manyan cututtuka, waɗanda cibiyarsu ke Bobo-Julaso tun zamanin Faransa, suna bin ƙauyuka da mota da keke, suna duba fatar mutane, suna raba ƙwaya ranar da anka sa. Dattijai da yawa sun ga wannan da idonsu. Amma dafson sai an yi shekaru ana sha, wasu har iyakar rai. Kuma mai keke ƙwaya kaɗai ya ke ɗauke da ita. Wanda ƙafarshi ta ruɓe, ko idonshi ya ƙi ruhuwa, sai wurin da ke da gado da mai wanke miki kullum. Aikin Danja ke nan.

Mutumin da ya shiga irin wannan wuri a wancan zamani ba baƙon kwana bakwai ba ne. Shina zama watanni ko shekaru, mai sauran ƙarhi shi yi noma, wasu su yi aure tsakaninsu, su haihu, ɗiyan kuma su tashi lahiya lau, abin da ya isa shi kashe zancen gado. Da yawa da anka sallama ba su koma gida ba. Sun san gonar ta shiga hannun ƙane, matar ta yi wani aure, ba mai cin tuwo da su. Sai sunka kafa bukka kusa da likita, inda ba mai ƙyamar su. Ta haka anka samu gidajen tsohin majinyata da zuriyarsu kewayen Danja. Zancen addini kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Ƴan mishan wa'azi ya kawo su, kuma sun yi shi a hili, da waƙoƙi da karatun Hausa na boko. Wasu majinyata sun bi su, mahi yawa sun ci gaba da sallarsu. Dattijan da sunka yi ɗari-ɗari da wurin saboda haka suna da hujjarsu. Amma a ganina, in za a faɗi wannan sai a faɗi ɗayar: a lokacin, mikin da dangi sunka kasa kusanta, can anka samu masu wanke shi.

Yanzu ga wurin da na ke so a karanta ma kowa sannu. Mun tashi muna jin kuturta ce ke cin yatsu. Wani lokotoro Bature, Paul Brand, da ya yi aiki Vellore ta Indiya tun 1946, ya bi majinyata yana lura da su dare da rana, ya gane ba haka abin ya ke ba. Ƙwayar jijiyar ji ta ke kamawa. In jijiya ta mutu, hannu ko ƙafa su daina jin zahi, su daina zufa, fata ta bushe ta tsage. Mace ta sauke tukunya daga wuta da hannu, ta ƙone ba ta sani ba. Manomi ya taka ƙaya da sahe, shi wuni bisanta har maraice. Ƙotar hauya ta yi mishi kanta, kantar ta fashe, shi ci gaba da noma don ba abin da ya ji. Miki shi shiga, ƙazanta ta kai ga ƙashi, ƙashi shi narke kaɗan kaɗan, yatsa ya gajarta. Har ɓera kan ci yatsan mai barci bai farka ba. Ashe zahin da mu ke ƙi mai gadi ne Allah ya ba jiki, kuturta kuwa mai gadin ta ke kashewa.

Wannan ilimi shi ya maida irin su Danja daga zangon jira zuwa wurin gyara. Abin da a ke koya ma majinyaci ba shi da tsada, sai dai ba shi da hutu. Kullum shi jiƙa hannu da ƙafa cikin ruwa, shi goge kanta da dutse, shi shafa mai tun fata na da danshi. Kowane maraice shi duba tahin ƙafa da ido, ko da madubi, tun da jin jiki ba zai gaya mishi ba. In ya ga ja ko kumburi shi huta da tahiya har shi warke, don mikin ƙafa ba shi warkewa ana taka shi. A ɗinka mishi takalmi mai roba taushi ciki, ƙasa mai tauri da ƙaya ba ta huda, ba ƙusa ko guda. A naɗe ƙotar hauya da tsumma, mace ta riƙa kama tukunya da ƙyalle mai kauri, ta yi amfani da muciya mai tsawo. Wanda fatar idonshi ba ta ruhuwa shi sa tabarau da rana, shi ɗaure ido da ƙyalle mai tsabta da dare, in ba haka ba ƙura ta makantar da shi. Akwai motsa yatsu don kada su ƙage. Akwai kuma aikin hiɗa da Brand ya ƙware kai, a ɗauko jijiyar nama mai rai a ɗaura ta inda ta mutu, hannun da ya lanƙwashe shi koma kama abu. Ƙafar da ta wuce gyara a yanke, a yi ta roba.

Sai dafson ya fara gazawa. A 1964, a Maleziya, anka tabbatar akwai ƙwayar da ta saba da shi ba ta mutuwa, kuma babban dalili shi ne shan magani yau a bari gobe. A 1981 Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, ta ce a haɗa magani uku: dafson, rifamfisin da kulofazimin. Ƙaramin ciwo wata 6, babba shekara 2, daga baya anka rage shi zuwa wata 12. Da an fara sha, cikin ƴan kwanaki mutum ya daina ba wani. Tun 1995 OMS ke raba shi kyauta ga duk ƙasashe, da farko da kuɗin wata gidauniya ta Japan, daga 2000 kamfanin Novartis ke ba da shi. Kulofazimin na sa fata ta yi duhu, wannan na sa wasu, musamman ƴan mata, su bar sha don kada a gane su. Duhun na washewa bayan an gama.

A 1991 ƙasashen duniya sunka ɗauki alkawalin rage kuturta ta koma ƙasa da mutum 1 cikin 10.000. Nijar ta kai wannan matsayi a farkon shekarun 2000, anka maida ba da magani ga ƙananan likitocin gwamnati na karkara. Rediyo ta ce an kau da kuturta, mutane sunka ɗauka ta ƙare. Ba ta ƙare ba, lissahi ne ya sauka. A 2019 an samu sababbin masu ita hiye da 200.000 a duniya, nan Nijar kuma ɗaruruwa a kowace shekara ta wannan lokaci. Ita dai Danja sai ta sake kama. Ta buɗe ƙofa ga kowa, mai zazzaɓi da mai tari da mai ciwon fata, ta riƙe masu wuyar: miki mai zurhi, da waɗanda jijiya ta kumbura musu farat ɗaya ana cikin magani. Ta samu taimakon wata tsohuwar ƙungiyar yaƙi da kuturta, The Leprosy Mission, wadda wani mutumin Ailan, Wellesley Bailey, ya kafa a 1874.

Mu komo Babbar Ruga. Cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓe ta daga hannun mishan. A 1983 wani lokotoro na Holanda, Kees Waaldijk, ya zo can aikin kuturta, sai ya iske wasu marasa lahiya da ba wanda ya aiko shi dominsu: mata masu yoyon hitsari. A 1984 ya fara ɗinke su, har wurin ya zama babbar cibiyar wannan aiki ta Najeriya, matan Maraɗi da Damagaram ma sun sha ƙetare iyaka zuwa can. Danja ta bi sawu. A watan Fabrairu na 2012 anka buɗe sashen yoyon hitsari mai gado 42, haɗin gwiwar SIM da wata gidauniya ta Amurka, Worldwide Fistula Fund, wadda lokotoro Lewis Wall ya kafa. Har sunan likitar anka ƙara ma wannan aiki.

Wani zai ce mi ya haɗa kuturta da haihuwa? Ciwon ba ɗaya ba ne, makomar mai shi ce ɗaya. Mace ta yi doguwar naƙuda, kwana biyu, uku, kan jariri ya matse mahitsara jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu ya zube, sai rami. Yawanci ɗan ba shi zuwa da rai. Wasu kuma yankan gishiri ne ya jawo musu. Daga nan hitsari na zuba dare da rana, wari ya sa miji shi janye, kishiya ta yi habaici, a maida ta gidan uwaye, a ware mata tabarma da ƙwarya, daidai yadda a ke ware ma mai kuturta. Shi ya sa aikin bai tsaya ga ɗinki ba. Bayan hiɗa mace na kwana kamar 14 da roba, a hana ta kwanciyar aure wasu watanni, a koya mata karatu da sana'ar hannu, a gaya mata da mijinta haihuwa ta gaba sai likita. Tun 2005 gwamnati ta yi dokar a hid da ɗa ta hanyar hiɗa kyauta. Amma doka ba ta ɗaura ma jaki amalanke. In yarinya ta wuni ta kwana bisa gwiwa, kunyar haihuwar fari ta hana ta kuka, maigida ya tahi ci-rani bai bar izini ba, tsohuwa ta ce a ƙara haƙuri, to a nan ramin ke samuwa. Ku da ke nesa, ku bar izini da kuɗin mota hannun wani kahin ku tashi.

Karin maganar da na ce za mu komo gare ta ita ce: da haka munka fara, in ji kuturu da ya ga mai ƙyasbi. Wanda ya fara faɗin ta ya san ciwon ƙwarai. Farkonta tabo ne a fata, mai haske ko ja-ja, ba ƙaiƙayi ba zahi, shi ya sa ba mai kula shi. Bambancinshi da ƙyasbi shi ne rashin ji. A sa mutum shi ruhe ido, a taɓa tsakiyar tabon da auduga ko gashin kaza, a ce shi nuna inda anka taɓa. In ya kasa, a kai shi likita cikin makon. Mu malaman lakwal ya kamata mu riƙa duba bayan yara da hannuwansu, abin minti kaɗan ne. Wanda anka kama a wannan mataki shina shan maganinshi gida, shina nomanshi, shi gama ba wanda ya sani, yatsunshi goma cir. Wanda ya yi shekara uku shina yawon bokaye da shan sassaƙe, magani zai kashe ƙwayar, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta tashi. Waɗanda ke cika gadajen Danja irin waɗannan ne, sun warke daga kuturta tuni, mikin ne ke maido su shekara shekara. Mutumin da ya gama magani, ko da ba shi da yatsa ko guda, ba shi ba kowa ciwon, ana cin tuwo akushi guda da shi. Tun 1954, bisa kiran wani Bafaranshe, Raoul Follereau, a ke tuna wannan kowace Lahadin ƙarshe ta Janairu. A 2018 kuma OMS ta ba da shawara a duba mutanen gidan sabon majinyaci, a ba su rifamfisin sau ɗaya don riga-kahi.

Saura magana guda da ta shahi masu ci-rani. Ana samun wanda ya fara magani bayan kaka, ya sha wata biyu ko uku, ya ga tabo ya fara ɓacewa, lokacin tahiya ya yi, sai shi bar kati cikin rataya shi hau mota. Mun ga abin da irin wannan ya yi ma dafson. Wanda tahiya ta kama shi faɗa ma anfirmen da ke ba shi magani tun da sauran kwanaki. Ana iya ba shi na watannin da sunka rage shi tahi da su, ko a rubuta mishi takarda zuwa likitar inda za shi. Maganin iri guda ne a Katsina da Kano da Legas da Kwatano da Abijan, kuma ko'ina ba a biyan ko dala. In ana cikin sha hannu ya fara sanyi, ko jijiyar gwiwar hannu ta kumbura tana zogi, ko ido ya yi ja, kada a jira damina a komo gida, a nemi likita mahi kusa a ranar.

Wassalam.